Kalar Gyaɗa a Gonar Gwauruwa

A wani zamani can, an yi wata gwauruwa mai taurin kai, wadda ko a kasuwa ba a cin ribarta. Shekarar da mijinta ya rasu, yunwa ta kai ta kalar gyaɗa a gonar maƙwabciyarta Rifkatu. Rifkatu ta kore ta, ta ce, "Gonata ba ta mabarata ba ce."

Gwauruwa ta haɗiye, amma ba ta manta ba.

Kwanci tashi, ruwa ya cinye gonar Rifkatu, ta gwauruwa kuwa ta yi albarka. Ranar da aka gama cirar gyaɗa, sai ga Rifkatu da ƙwarya, 'ya'yanta biyu a bayanta.

"Yaya, ko zan yi kala?"

Gwauruwa ta ƙura mata ido. Tsohuwar maganar nan tana bakinta, saura kaɗan ta fito. Sai ta tuna karatun majami'a: abin da ya faɗi a gona, rabon mai yunwa ne.

Ta zaga bayan tarin harawa, ta zazzage rabin kwandon gyaɗarta, ta rufe da ƙasa.

"Fara daga can," ta ce. "Masu aikina ragwaye ne, sun bar da yawa."