Suna na Bakwai

"Ajiye gudumar nan, Sakuji! Da kai nake magana!"

Bai ajiye ba. Sai da ya hure ƙurar da ke cikin harafin da yake sassaƙawa, sannan ya ɗago ya dubi Kinuyo, girarsa fara fat da garin dutse.

"Ina jin ki, ranki ya daɗe. Masunta ma can bakin ruwa suna jin ki."

"Ba wasa ya kawo ni ba... Inna ta ce duk hannun da ya sassaƙa sunan Yaya Noboru a dutsen nan, mai shi ba zai taka ƙofar gidanta ba har abada!"

"Ni kuma gidaje shida sun ce suna bakwai suke so. Ga na shida ina ƙarasawa." Ya nuna da ƙarfen sassaƙa. "Dubi gurbin nan, Kinu. Kamar kyakkyawa ta yi dariya an ga giɓi."

Ba ta yi dariya ba. Dutsen yana kwance bisa gungumen itace, baƙi wuluk, ya fi mutum tsawo. Duk sanda ta tsaya kusa da shi sai muryarta ta yi ƙasa da kanta.

A shekarar ƙarshe ta yaƙi, wani jirgin sama mai jefa bam na sojan ruwa ya tashi daga sansanin Kanoya da mutum bakwai a cikinsa. Yayanta Noboru ne mai rediyo. Da suka iso saitin tudun da ke bayan ƙauyen, sai matuƙin ya sauko ƙasa-ƙasa, ya karkata fikafikai dama da hagu. Kinuyo tana ƙarama a lokacin, tana riƙe da gefen rigar Inna a gonar dankali, ta ji rugugin har cikin haƙoranta. Inna ta fizge ƙyallen kanta tana kaɗawa. Jirgin ya miƙa kudu, ya yi ta ƙanƙancewa, har teku da sama suka haɗiye shi.

Ba a sake ganinsa ba. Daga baya aka kawo musu akwatin farin katako, babu komai a ciki sai tsakuwa guda.

"Ni ban haifi tsakuwa ba," in ji Inna, ta mayar da murfin.

Yanzu, bayan shekara goma da ɗoriya, iyalan sauran shidan sun zaɓi wannan tudu don kafa dutsen tunawa, tunda nan ne ƙasa ta ƙarshe da ta ga 'ya'yansu.

Sakuji ya ajiye gudumar, ya goge hannu a wandonsa.

"Kin san wa ya koya mini iyo? Yaya Noboru. Ya jefa ni daga kwale-kwale, ya ce idan na nutse zai gaya wa babana na gudu Osaka ne... Yaya zan bar shi babu suna?"

"Ni kuma yaya zan yi da Inna?"

"Ni fa? Yaya za ki yi da ni, abar ƙaunata? Furfurar nan da kike gani, yau ta garin dutse ce. Gobe ta gaske za ta zama."

"Kai dai kanka ma dutse ne!"

"Dutsen da ke jiran ki."

Ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko. "Ta ce maigida ne zai ba da ni. Baba ya rasu, Yaya ne maigida, shi kuma... bai dawo ba tukuna."

Washegari da safe Inna Tome ta yi abin da take yi kullum. Ta zuba shinkafa mai zafi a kwanon Noboru, ta rufe, ta ajiye a ɗan farantinsa mai ƙafa tana fuskantar da shi kudu. Can ta ɗaga murfin, ta karkata shi wajen haske.

"Kin gani? Raɓa. Idan matafiyi ya mutu, murfinsa bushewa yake yi. Yana nan da ransa."

"Na gani, Inna."

Kinuyo ta san babu shinkafa mai zafi da ba ta jiƙa murfi. Ba ta taɓa faɗa ba. Kallon fuskar Inna kawai take yi a wannan lokacin, fuskar da ke haske kamar ta amarya, sai ta ji wani abu mai kama da tsoro. Ta yaya mace ƙarama haka, mai lanƙwasasshen baya, ta riƙe mutum a raye shekara da shekaru da kwano guda?

Ranar suka hau maƙabarta wanke kabarin Baba. Kinuyo tana zuba ruwa da ludayin katako, Inna tana gogewa. Sunan Baba yana nan da launin dutse. Kusa da shi ga na Inna, an sassaƙa tun ranar da aka kafa dutsen, an cika shi da ja, kamar yadda ake yi wa sunan wanda yake raye tukuna.

Ludayin ya tsaya a hannunta.

"Inna..."

"Zuba mana! Ko sai rana ta busar?"

"Sunanki yana kan dutse, kuma ga ki nan da ranki."

Inna ba ta juyo ba, amma hannunta ya daina guga.

"Idan aka sassaƙa na Yaya aka cika shi da ja fa? Duk wanda ya hau tudun zai san mai sunan ana jiransa ne."

Iska tana kaɗa ganyen gora.

"Ja... irin nawa?"

"Irin naki, Inna."

"To. Ki gaya wa mai gudumar." Ta matse tsumma. "Amma maganar aure tana nan inda na ajiye ta. Kada ki ɗauka na tsufa ban gane ba."

Da Sakuji ya ji, sai ya kama kai. "Ja a dutsen waɗanda suka tafi? Babana zai ce na haukace!" Ya dube ta, ya ga yadda take murza yatsu. "Shi ke nan, masoyiyata. Na haukace ɗin."

Ranar buɗe dutsen gari ya waye tas. Tun da Kinuyo take ba ta taɓa ganin teku haka ba, shimfiɗe, babu ko tudun ruwa, yana walƙiya har inda ido ya gaza. Baƙi suka yi ta hawowa tudun cikin baƙaƙen kaya: tsofaffi masu sanda, zawarawan da suka fara furfura, wani saurayi da aka ce ɗan matuƙin ne, bai taɓa ganin ubansa ba. Ba su san juna ba, amma kowa yana rusuna wa kowa kamar dangi.

Limamin haikali ya fara rera addu'a, hayaƙin turare ya miƙe sama sambal. Aka ja farin ƙyallen.

Wani numfashi ya fita daga bakin jama'a lokaci guda. Sunaye bakwai suna tsaye a jere, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon kudu. Shida masu launin dutse. Ɗaya ja jawur, kamar yanzu aka yanka.

Tsigar jikin Kinuyo ta tashi. Ta saci kallon Inna. Inna ta miƙe tsaye sosai, haɓarta a sama.

Sai aka jawo wata tsohuwa makauniya gaba, jikarta tana riƙe da ita. Hatsu sunanta, daga can arewa ƙasar ƙanƙara ta zo, kwana da kwanaki a jirgin ƙasa. Ɗanta Kanji shi ne mai bindigar wutsiyar jirgin.

"Ku kai ni in gaishe su," in ji ta.

Ta ɗora yatsu a kan dutsen. Ta bi sunan ɗanta daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Ba ta tsaya nan ba. Ta bi na biyu, ta bi na uku, har ta kai kan na Noboru.

"Wannan fa?"

"Mai rediyo ne, Kaka."

"Af! Mai waƙar nan! Kanji ya ba ni labarinsa da ya zo hutu. Ya ce muryarsa kamar ta kwaɗo, amma idan tsoro ya kama su a sama shi ke sa su dariya." Ta yi murmushi, bakinta babu haƙori. "Ga su nan su bakwai, tare. Yanzu hankalina ya kwanta."

Jikar ta sunkuya ta raɗa mata wani abu a kunne. Murmushin ya gushe.

"Ja? Yana raye?" Ta juya kai tana neman wuri. "Ina uwarsa?"

"Ga ni," in ji Inna Tome.

Tsohuwar ta laluba har ta kama hannunta da hannu biyu. Babu fushi a muryarta, sai roƙo.

"'Yar'uwa, kin yi sa'a! Don girman iyayenki, idan ya dawo... ki tambayar mini shi inda ya baro nawa. Wurin kawai nake so in sani. Ko akwai sanyi."

Kinuyo ta ji kamar tudun ya motsa a ƙarƙashinta.

Inna ta daɗe tana kallon tsohuwar. Sannan ta ɗaga kai ta dubi dutsen, ta dubi jan sunan nan shi kaɗai a tsakanin 'yan'uwansa.

"Baro?" ta ce, ƙasa-ƙasa. "Noboru ya baro...?"

"Inna," Kinuyo ta matso.

"Yaron da ba ya cin dankali sai ya raba! Yaron da ya koma cikin hadari neman karen maƙwabta!" Muryarta ta karye. "Ɗana ba ya barin kowa a baya, 'yar'uwa. Ban haifi mai yin haka ba. Inda naki yake... nan nawa yake."

Ta zare tsinken gashinta, farin gashin ya zubo bisa kafaɗarta a gaban jama'a, ba ta damu ba.

"Kinuyo, ruwa."

Kinuyo ta ɗauko wani bokitin katako mai ruwa. Ta zuba, Inna ta sa tsinke a harafin ƙasa ta fara kankara. Jan ya fara saki, yana gangarowa a jikin baƙin dutse. Ɗan matuƙin ya durƙusa, sai sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har ya zama Inna ce kawai a tsaye da 'yarta, ga teku shimfiɗe a gabansu.

"Ka yi haƙuri," Inna tana cewa, tana kankara, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Na tsayar da kai a ƙofa kai kaɗai, abokanka suna jira... Shiga, ɗana. Shiga."

Ta gama harafin ƙasa, ta gama na samansa. Ta yi ɗage, ta miƙa hannu iya ƙarfinta, amma na can sama ya fi ƙarfin bayanta. Ta sauke hannu tana haki.

Sakuji yana can gefe a durƙushe, goshinsa kusa da ƙasa, kafaɗunsa suna girgiza.

"Kai, mai guduma!"

Ya ɗago a firgice. "Na'am, Inna?"

"Kuka ka zo yi, ko me? Taso!" Ta miƙa masa tsinken, jan yana ɗiga daga yatsunta. "Ƙarasa mini. Wannan aikin namijin gida ne."

Ya dubi tsinken, ya dubi Kinuyo. Ita kam ba ta ganin komai don hawaye.

Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna har ƙasa. Sannan ya miƙe ya kai hannu sama.

"Zuba masa ruwa mana," in ji Inna, tana share fuska da hannun riga. "Ko haka za ki riƙa barin mijinki yana aiki a bushe?"