Rabin Ƙarfen Ƙofa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka kira ofishin 'yan sanda cewa mota ta buge wata dattijuwa mai sharar titi, ta gudu. Kafin Sufeto ya isa, rai ya yi halinsa.

Kusa da tsintsiyarta ya tsinci rabin ƙarfen adon nan da ake liƙawa a gefen ƙofar tsofaffin motoci. An goge shi tas da samfefa, amma ko ɗigon fenti babu.

Wani mai faci ya riƙe lambar motar. Ta wani tsohon hedimasta ce, wanda ke ji da ita kamar 'yar fari. Kafin azahar an rufe direbansa, Dogo, kuma DPO ya ce gobe sai kotu.

Abin bai kwanta wa Sufeto ba. Dogo ya rantse ya maya cewa motar ta yi kwana huɗu wajen fanal bita, ana cire ƙarafan adonta da suka dafe ana sabunta su, kuma sai ƙarfe goma ya karɓo ta. Matarsa na zaune a kan bencin ofishin da tsohon ciki, ta ƙi tafiya gida.

Sufeto ya zagaya motar. Duk ƙarafan na walƙiya, sai na ƙofar baya da ya ɗan gaza tsawo, da gani na wata mota ne aka yanko.

Ya wuce garejin. Mai fanal bitan, wanda kowa ke kira Oga, ya tare shi da fara'ar da ta yi yawa. Ya ce ai Dogo tun ƙarfe shida ya ɗauki mota, yana ta gaggawa.

"Da ƙarfen da ba a fesa ba?"

"Ni ban taɓa sakin aiki rabi ba, ranka ya daɗe."

"To wa ya fita da ita da wannan?" Sufeto ya ajiye guntun a kan teburi.

Oga ya ce bai san shi ba, amma idonsa ya kai ga wani bokitin ruwan da ake jiƙa samfefa a ƙarƙashin teburin. Sufeto ya naɗe hannun riga ya zura. Ya fito da ɗaya rabin, har an fara miƙe lanƙwasarsa. Da ya haɗa su, bakin karayar ya hau daidai.

"Me ya hana ka jefar da shi?"

Oga ya zauna a kan taya. "An daina yin irinsa. Ko ka zaga kasuwa kaf ba za ka samu ba. Hannuna ya ƙi."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce al'adarsa ce, kafin feshi yakan ɗaura ƙarafan ya hau hanya mai gargada, ya karkata kai yana sauraron wanda ke kaɗawa. Kunnensa na kan ƙofar baya, idonsa ma ya bi kunnen. Da ya ji ƙara, ya ɗauka ƙarfen ne ya faɗi.

"Sai ka tsere."

"A'a, na tsaya."

Sufeto ya ɗago kai. "Ka tsaya?"

"Na sauko. Tana numfashi a lokacin, har tana kallona." Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauki ƙarfen, na koma mota."

Shekara ashirin Sufeto na wannan aiki, amma sai da tsigar jikinsa ta tashi. Asibiti bai fi tafiyar minti biyar daga wurin ba.

Ya yi wa Sajen da ya rako shi alama da hannu, aka ɗaura wa Oga ankwa. Sannan ya kira ofis ya ce a buɗe Dogo yanzun nan.

Har sun kai bakin ƙofa, Oga ya waiwayo, hawaye na bin fuskarsa.

"Ranka ya daɗe, ta yi magana, ban tsaya na ji ba. Akwai wanda ya ji abin da ta ce?"

"Babu," in ji Sufeto. "Kai kaɗai ne a wurin."