Katakon Bayan Direba

Ranar da aka gama yi wa motar fenti, da almuru, Hajo tana tsugune tana kwashe tuwo, mijinta Kalilu yana zaune a tsakar gida yana goge hannunsa da tsumma da kananzir, sai dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ba wanda ya ɗaga kai. Gidan nasu a bakin Daura yake, ta hanyar Mai'adua, kuma yaran unguwar ba su taɓa rasa abin jifa ba. Na biyu ya faɗa cikin randa. Na uku kuwa ya sauka a gaban Kalilu a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, gefensa guda jiƙe da koren fenti, irin wanda ya wuni yana shafawa.

Gidan ya yi tsit. Kajin da ke rububin hawa turke suka daina motsi, hayaƙin murhu ya miƙe sak bai karkata ko'ina ba.

Hajo ta ce da ƙaramar murya, "Malam, ina Zubaida? Tun ɗazu ta kai wa Baba tuwo."

A ƙofar gida Kalilu ya sami 'yarsa. Tana tsaye jikin motar, ta kifa goshinta a kan bodi, tana kankarar ɗanyen fentin da farce. Ya kira sunanta sau uku ba ta waiwayo ba. Da ya kama kafaɗarta ya juyo da ita, idanun na Zubaida ne, amma mai kallonsa daga ciki ba ita ba ce. Bakinta ya motsa, muryar wani tsoho ta fito, ta ce, "A buɗe."

To, bari in koma baya kaɗan, don a san inda aka kwana.

Motar tsohuwar roka ce mai bodin katako, ta marigayi Alhaji Bature, mahaifin Kalilu. Shekara talatin da ɗaya tana jigilar shanu da gero daga kasuwar Mai'adua, ba ta taɓa kifewa ba, kuma a duk shekarun nan hannu ɗaya ne ke yi mata fenti, hannun Mainasara, aminin Alhajin. Mainasara ba shi da kowa. A wani shago yake kwana, gida biyu tsakaninsa da gidan Kalilu, kuma kafin Alhaji ya rasu ya bar wasiyya kada tuwonsa ya yanke. Kalilu Baba yake ce masa tun yana rarrafe, Zubaida kuma Kaka.

Da fentin motar ya koɗe ya fara ɓarewa, Kalilu ya yi wata guda yana juya maganar a ransa. Ya ba Baba aikin? Hannun tsohon ya fara rawa, wancan karon ma layukan da ya ja sun fito a karkace har direbobi na yi masa dariya a tasha. Ya ɗauko wani mai fenti daga cikin gari? Wannan cin fuska ne, a ce Mainasara yana zaune a bakin shagonsa yana kallon baƙo a kan motar amininsa. Hajo ta ce a bar wa tsohon abinsa ko da a karkace ne. Shi kuwa Kalilu ya ga mafita ɗaya ce mai mutunci, ya yi da kansa, Baba ya koya masa. A ganinsa girmamawa ce.

Ya je ya durƙusa ya faɗa masa. Mainasara ya yi dariya ya ce, "Madalla, ɗana ya girma." Shi ya haɗa fentin da hannunsa, shi ya ara masa burushinsa mai baƙin mariƙi. A nan ne Kalilu ya tambaye shi wani abu da ya daɗe yana gani. A gaban bodin, daidai bayan kujerar direba, akwai katako guda da ba a taɓa shafa wa komai ba, jajir da shi, maɗaci tsantsa.

"Mantuwa ce irin ta tsufa," in ji Mainasara. "Shafe shi. Ka yi masa hannu biyu, shafi kan shafi."

Tsakanin kan motar da bodin akwai matsi, damtsen Kalilu bai shiga ba. Zubaida, 'yar shekara goma sha huɗu, ta dawo daga Islamiyya ta same shi yana fama, ta ce a ba ta. Ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla kamar yadda uwarta ta koya mata a kan kowane aiki, ta zura siririn hannunta ta shafe katakon tas.

Kwana shida aka yi cikin wannan hali. Da rana yarinyar tana kwance shiru, ba ci ba sha sai an ɗura mata. Rana na karkata sai jifa ya tashi, sai a ji ana ƙwanƙwasawa daga cikin bodin motar, ƙwas ƙwas, a hankali, irin ta wanda ya gaji da bugawa. Ita kuma ta miƙe ta kama kankarar bango har farcenta ya ƙare, jini ya biyo baya, kalmar dai guda ce a bakinta. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Mutum ɗaya ne bai ɗauke ƙafa ba. Kullum bayan la'asar Mainasara zai zo ya zauna a bakin zaure da carbinsa, yana cewa Allah ya sawwaƙe. Kalilu ya ji daɗin haka ƙwarai, har yana ce wa Hajo, ka ga mai ƙaunarka a ranar wuya. A kwana na uku ya zauna kusa da shi ya ce, "Baba, zuciyata tana ta komawa kan katakon nan. Ko akwai wani abu?"

Tsohon bai kalle shi ba. Ya ce, "Katako katako ne, Kalilu. Ka nemi magani dai."

A rana ta bakwai aka ɗauko Malam Hamma daga wani ƙauye gabas da gari, a bayan babur. Ɗan siririn dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, Hajo ta riƙe kan yarinyar, Kalilu ya riƙe ƙafafu, ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta tsallako ta rufe su, jikin Zubaida ya ɗauki rawa, sannan jikin ya tsaya cak.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni," in ji muryar.

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ni mai gida ne kamar wannan da ke riƙe da ƙafarta. Gidana wani maɗaci ne a fadama, aka sare shi aka tsaga, na biyo katakona na ƙarshe har jikin motar nan da iyalina. Bature ya gane, bai kore mu ba. Muka yi alkawari, a bar mana katakon a buɗe ya zama ƙofarmu, mu kuma ba za mu taɓa shi da nasa ba. Shekara talatin da ɗaya ban saɓa ba. Na fita da rana, na dawo na tarar an shafe ƙofa, matata da 'ya'yana biyu suna ciki. Kuma da sunan Allah aka rufe, abin da aka rufe da sunan Allah ba mu iya buɗe shi. Kwana bakwai ke nan ina jin bugunsu."

Hajo ta fara kuka ba sauti. Malam ya ce, "Wadda ta shafe ba ta sani ba. Ubanta ma bai sani ba. Ka kama marar laifi, wannan zalunci ne, kuma kai ma za ka tsaya gaban Allah."

"Na san ba su sani ba. Amma alkawarinmu yana da shaida. Wanda ya haɗa fentin yana nan ranar da aka ƙulla shi. Shi ke tsallake katakon duk shekara da hannunsa. Ga shi can a bakin zaure yana jan carbi."

Kalilu bai san lokacin da ya saki ƙafafun 'yarsa ba. Ya juya. Mainasara yana inda ya saba zama, carbin ya tsaya a hannunsa, kansa a ƙasa. Wallahi da aljanin cewa ya yi Kalilu ne da kansa ya yi laifin, da ya fi masa sauƙi. Ya tuna dariyar, ya tuna "hannu biyu", ya tuna ranar da ya zauna kusa da shi yana tambaya alhali farcen Zubaida na zubar da jini a ɗaki.

"Baba," in ji Kalilu. "Gaskiya ne?"

"Na ɗauka motar kawai zai hana tashi," in ji tsohon. "Na ce in ta yi kwana biyu ba ta tashi ba, ka dawo ka ce Baba zo ka duba. Ka karɓe mini aikin da ya rage mini a duniya, Kalilu. Ban san yarinyar ce za ta shafa ba."

"Ranar da na tambaye ka fa? Ka riga ka sani ai."

Mainasara ya koma jan carbinsa.

Malam Hamma ya mayar da hankalinsa kan aikinsa. Aljanin ya ce zai fita amma zai riƙe hannun da ya rufe ƙofar, ya shanye. Malam ya ce ko yatsa ba zai bar masa ba, ya ɗauki karatu. Aljanin ya ce to a bar masa motar gaba ɗaya. Malam ya ce da ita gidan nan ke ci. Aka yi ta ja har rana ta kusa faɗuwa, sannan muryar ta yi sanyi ta ce, "To a buɗe. Shaidan ya kankare da hannunsa, a cire katakon a mayar da shi fadama. Na gama zama da mutane."

Aka kwance notocin da ke riƙe da shi, aka zaro katakon aka kwantar a ƙofar gida. Mainasara ya durƙusa da guntun ƙarfe, yana kankara yana haki. Kalilu yana tsaye a kansa bai taya shi ba. Da jan maɗacin ya bayyana kamar faɗin tafin hannu, wata iska mai sanyi ta taso daga ƙasa ta wuce tsakanin ƙafafunsu. A cikin gida Zubaida ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Daidai nan aka kira magariba, kuma ba a sake jifa a gidan ba.

Malam ya ɗaure katakon a bayan babur ya tafi da shi. Da aka idar da salla yarinyar ta buɗe ido, ta dubi yatsunta da aka naɗe da tsumma, ta dubi uwarta. Ba ta tuna komai ba. Ƙamshin miyar kuka ta ji, ta yunƙura za ta tashi.

"Inna, an kai wa Kaka tuwonsa? Kar ya huce."

Hajo ta dubi mijinta. Kalilu ya ce, "Kwanta, uwata. Ni zan kai."

Ya ɗauki kwanon, ya ɗauki burushin mai baƙin mariƙi daga cikin gwangwanin kananzir, ya fita. Wasiyyar ubansa ce, ba zai karya ta ba, tuwo zai ci gaba da zuwa har ranar da ɗayansu ya bar duniya. Ya sami tsohon zaune a bakin shago, koren fenti a ƙarƙashin farcensa. Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya ɗora burushin a kan murfin.

Mainasara ya ɗago ya ce, "Kalilu, ɗana."

"Ga tuwonka, Malam Mainasara," in ji Kalilu, ya juya ya koma gida.