Motar da Ba Ta Tsufa

Duk wanda ya ce muku tsafi sai cikin duhu ake ƙulla shi, bai san tsafi ba. Wanda na gani da idona da rana tsaka aka yi shi, kuma har yau in na ji ƙamshin sabuwar mota sai in bar wurin.

Ni mai fentin mota ne. Rumfata tana jingine da ta wani abokina da duk gareji ke kira Mai-mita, saboda sana'arsa. In dillali ya kawo motar da ta sha tafiya har ta gaji, shi zai kwance gabanta ya mayar da lambobin mita baya, ni kuma in rufe tabon haɗari da fenti, sai a kai ta kasuwa a rantse cewa wata tsohuwa ce ke zuwa asibiti da ita sau ɗaya a wata. Ban wanke kaina ba, tare muka ci wannan haram ɗin. Amma shi da kansa yakan ce mini, yana dariya, "Tafiyar da na goge ba ta ɓacewa fa. Tana nan cikin inji tana jiran wanda ya saya."

Ciwon Mai-mita ɗaya ne, bai taɓa mallakar sabon abu ba. Rigar yayansa ya gada, takalmin yayansa, har akwatin kayan aikinsa na wani mamaci ne. Ranar da wani yaron masu kuɗi ya kawo jar motar tsere, irin mai kujera biyu da ke kwance a ƙasa kamar kada, ya jefa masa makulli ya ce a shimfiɗa jarida kafin a zauna, na ga fuskar abokina ta canja. Daga ranar ba shi da zance sai na motar tsere. Ya samo wata ta hannu da zai iya kaiwa gare ta in ya daure shekara biyu. Na ce ya daure. Ya ce shi da ya san abin da ake yi wa na hannu, ai sai dai sabuwa dal.

"Da wane kuɗin?" na tambaye shi.

"Ka raka ni wani wuri ranar Talata."

Wurin bayan wata bolar motoci ne, inda ake jibge waɗanda suka yi haɗari. Muka ratsa tsakanin gawarwakin motoci har muka isa wata tsohuwar bas da ba ta da taya, an rufe tagoginta da jan ƙyalle. A ciki an rataye sitiyari sun fi talatin, kowanne a lanƙwashe, wasu da busasshen jini. A tsakiya akwai babban daro cike da baƙin mai, ba ya motsi, ba ya kuma nuna fuskar wanda ya leƙa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne sanyi. Ƙarfen da rana ke duka tun safe ya kamata ya ƙona hannu, amma da na dafa shi sai da yatsuna suka ƙage.

Wani boka yana zaune a kujerar direba, ya ba mu baya, yana kallonmu ta madubi. Bai amsa sallama ba.

"Ɗayanku ya zo saye, ɗayan ya zo kallo," ya ce. "Mai kallo ya riƙe bakinsa. Kai kuma, sabuwa ko ta hannu?"

Mai-mita ya matsa gaba ya ce, "Baba, mene ne bambancinsu?"

"Ta hannu ta riga ta ci ta ƙoshi. Arzikinta kaɗan-kaɗan yake zuwa, kuma gajiyarta a jikinka za ta sauka, kai kaɗai. Sabuwa kuwa duk ƙofar da ka tsaya da ita sai ta buɗe. Ba ta tsufa, ba ta lotsewa, mitarta ba ta motsi."

"Ko nawa na yi tafiya?"

"Ko ka zagaye duniya."

"To me zan biya?"

"Ni ba na karɓar komai. Sai dai kai ma'aikaci ne, ka san mota ba ta tafiya a banza."

Nan ne ya kamata ya tambaya, in tafiyar ba ta hau mita ba, ina za ta hau? Na taka masa ƙafa. Ya san tambayar sarai, shi da ya shekara goma sha biyar yana addu'ar kada mai saye ya yi masa irinta. Ya ture ƙafata ya ce, "Na gaji da ragowar wasu, Baba. Sabuwa."

Bokan ya sa shi ya faɗi duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinsa. Ya lissafa mahaifiyarsa, matarsa, ƙaninsa, da 'yarsa ɗaya tilo mai shekara bakwai, wadda yake kira Uwata don sunan tsohuwar aka sa mata. Duk wanda ya ambata sai man ya yi kumfa sau ɗaya. Sannan aka ce ya tura hannu cikin daron har gwiwar hannu. Ya yi ƙara, ya zaro hannun da makulli a ciki, kuma babu ɗigon mai ko ɗaya a fatarsa.

Bayan kwana uku babbar mota ta sauke jar motar tsere a ƙofar gidansa, kujerunta cikin leda, takardu da sunansa. Abin da boka ya faɗa ya tabbata. In ya tsaya da ita gaban ofis, sai a fito a ba shi kwangilar da bai nema ba. Kafin shekara ta zagayo ya buɗe wurin sayar da motoci mai bangon gilashi, ya gina gida mai hawa biyu. Da ya gane yawan tafiya ne yawan samu, sai ya zama ba ya sauka daga kan titi. Yakan zo gareji ya nuna mini mitar yana dariya, sifili a jere.

Tsohuwarsa ce ta fara. Mace ce mai ƙarfi da ke wanke kayanta da kanta, amma cikin wata huɗu ta ranƙwafe, idonta ya rufe, ta rasu. Aka ce tsufa ne, kowa ya yarda. Ni ma na so in yarda.

Sai ranar da ya zo mini a gigice, ya daki ginshiƙin gada, ƙofar dama ta lotse har ciki. Na ce ya bar ta zuwa safiya. Da safe na cire rufin da na lulluɓa mata, na tarar da ƙofa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Muna tsaye muna kallonta wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, har ni ina jin kukanta.

"Maigida, ka zo! Ƙaninka ya faɗi a tsakar ɗaki, ba abin da ya taɓa shi, haƙarƙarinsa na dama duk sun karye!"

Ƙanin bai kai yamma ba. Likita ya yi ta tambaya wace mota ce ta buge shi.

Bayan an binne shi na ja Mai-mita gefe. Na ce, "Ka san inda tafiyar take hawa. Ka ajiye motar nan." Ya ce in bar shi ya kammala wata harka guda, tafiyar kwana biyu ce kawai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya tafi ya dawo da riba, ya tarar da matarsa, wadda ba ta cika talatin ba, zaune a kan matakala haƙoranta uku a tafin hannu. Tun daga ranar in ta ji an tayar da inji sai ta toshe kunne ta yi ta gudu cikin gidan tana cewa a tsaya a sauke ta, ta gaji da tafiya. Danginta suka zo suka tafi da ita a ɗaure, ba ta sake gane kowa ba.

Saura yarinyar. Nauyin da mutum huɗu suke ɗauka ya koma kanta ita kaɗai.

Ya kulle motar a garejin gidansa, amma wannan bai tsayar da komai ba, don motar da aka ajiye ma lalacewa take yi, batir ya mutu, taya ta tsage. Wannan kuwa tana nan tana sheƙi, lalacewar tana sauka kan yarinyar. Muka koma bola, muka tarar da bas ɗin cike da ciyawa, babu daro, babu sitiyari, masu gadin wurin suka ce ba su taɓa ganin mutum a ciki ba.

Wata Asabar da hantsi ya kira ni gidansa. Yarinyar ce ta buɗe mini ƙofa. Shekararta tara a lokacin, kanta fari fat, tana dafa bango. Ta ce, "Kawu, sannu da zuwa," da muryar yara.

Na same shi a gareji da tsohon akwatin kayan aikinsa, ya kwance gaban motar.

"Shekara goma sha biyar ina mayar da mita baya," ya ce. "Yau gaba zan kai ta. In tafiyar ta hau inda ya kamata, wataƙila ta sauka daga kan Uwata. Riƙe mini wayar mitar nan."

"In ta sauka a kanka fa?"

"To ai ni na yi ta."

Na riƙe. Lambobin suka fara hawa. A dubu goma ledar kujeru ta yage da kanta. A dubu hamsin fenti ya fara tashi yana zuba, ƙofar dama ta lotse da ƙara a gaban idona. Na juya in gaya masa, sai na ga gashinsa ya yi fari, fatar hannunsa ta saki, sukudireba tana karkarwa tsakanin yatsunsa. Na roƙe shi ya tsaya. Ya tofar da haƙori ya ci gaba, har mitar ta tsaya da kanta a kan duk tafiyar da ya yi. Tayoyi huɗu suka sace lokaci ɗaya.

Da rarrafe ya isa ƙofar falo yana kiran Uwata. Ta fito tana dafa bango, kanta fari kamar yadda yake. Ta dube shi ta ɓuya a bayana.

"Kawu, wane ne wannan tsohon? Ina Babana?"

Tsufan ya daina ƙaruwa a kanta, iyakar abin da ya samu ke nan. Wanda ya riga ya hau bai sauka ba. Dukiyar ta watse cikin wata biyu yadda ta zo. Yanzu suna zaune a ɗakin da ke bayan rumfata, ni nake ciyar da su, na kuma daina rufe tabon haɗari ko nawa za a ba ni. In ta riƙo hannunsa suka fito shan iska, baƙi sukan ce Allah sarki, tsoho da tsohuwarsa. Shekararta goma sha biyu.

Motar kuwa, janwe mai jan motoci ya zo ya ɗauke ta, ba wanda ya kira shi. Na bi shi da ido har ya karya kwanar da ke zuwa bola. A nan na gane daga ina bokan yake samun ta hannu, wadda ta riga ta ci ta ƙoshi.

Don haka kai mai zuciyar da ba ta ƙoshi, ka ji da kyau. Ka sayi abin da guminka ya kai, sabo ne ko na hannu, ka yi masa tambayoyin da suka kamata. In aka nuna maka abin da ba ya tsufa, aka ce kyauta ne, kada ka miƙa hannu sai ka koma gida ka dubi fuskar waɗanda ke kwana ƙarƙashin rufinka, don su ne za su biya.