Mabuɗin Gwaggo Tabawa

Kowace Alhamis da hantsi, na'urar da ake kira Mai-Ƙofa takan fara tace buƙatun masu son magana da 'yan'uwansu da ke aiki a duniyar wata. Mutum zai tsaya a rumfar kira ta unguwarsu a Sabon Birnin Gaya, ya faɗi sunansa, sannan ya faɗi sunan wanda yake nema, wanda shi ne mabuɗin shiga. Rumfar ta ƙunshe su ta aika wa uwar na'ura, wato Mai-Ƙofa, ita kuma ta kwance ƙunshin, ta gwada da muryar da ke ajiye, ta buɗe layi ko ta hana.

Injiniya Sallau da ya gina ta yana ji da ita ƙwarai. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: buƙatar wata Gwaggo Tabawa, da ta iso sau bakwai gurbin mabuɗinta fanko. Ya sauya makirufo, ya zargi layi, ya zargi kowa ban da kansa. Ɗanta kuwa ranar Asabar zai wuce zuwa sansanin da ke can bayan duniyar wata, inda babu kira sai bayan shekara biyu.

Ranar Alhamis ta ƙarshe Sallau ya je rumfar, ya tarar da ita tsaye gaban allon.

"Gwaggo, sunansa kawai za ki faɗa."

"Ɗan fari ne fa, ɗan nan. Shekara arba'in ban kama sunansa ba, sai yau don ƙarfe ya tambaya?"

Kunya ta rufe Sallau. Shi ma ɗan fari ne, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba, amma ya manta.

"To, me kike ce masa?"

Ta waiga, ta rage murya. "Mai-Kunu."

Nan take ya aika wa ɗan nata tambaya ko haka take kiransa, amsa ta dawo da dariya. Sallau ya koya wa uwar na'ura karɓar sunan da uwa da ɗa suka sani, wanda ba ya cikin kowace takarda.

Fuskar ɗan ta bayyana. Gwaggo ta kawar da kai gefe, tana murmushi.

"Kana dai cin abinci?"

"Ina ci, Gwaggo."

"To, madalla."

Ta gyara mayafi ta fita cike da farin ciki. Sallau ya duba allon. Layin da shi da abokan aikinsa suka kwashe shekara tara suna ginawa ya yi aiki daƙiƙa goma sha ɗaya, kuma ya ishe ta.