Faifan Bikin Barakatu

"Ya ƙi, Yaya Labaran... wallahi ya ƙi!"

Khaulat ta sake tura faifan cikin kwamfutar. Ya yi ɗan ƙugi, ya yi shiru. Ko hoto ɗaya bai fito ba.

"Shekaranjiya fa na kalli farkonsa lafiya lau! Me ka yi mata?"

Labaran ya share zufa. Shi ne mai gyaran kwamfuta a bakin tasha, shi ne kuma ya karɓi tata jiya ya sabunta mata manhaja don ya burge ta. Garin neman gira ga shi zai rasa ido.

Faifan na bikin yayarta Barakatu ne, wata biyu kafin rasuwar mahaifinsu. Inna ta rantse cewa a ciki marigayi Malam ya ambaci maganar auren Khaulat, kuma ta tabbata Labaran yake nufi. Baffa Isyaku, ƙanen marigayin, ya ce ba zai ba da 'yar ɗan'uwansa ga yaron da ba shi da ko kunyar gona ba, sai dai ya ji da kunnensa. Yau Juma'a, ya zo cin kasuwa daga Achika. Da an sauko masallaci zai iso. Na'urar kallon gidan kuwa tun bara wuta ta ƙona ta.

Indo 'yar Baffa da ake riƙo a gidan, wadda ta daɗe tana yi wa Labaran kallon ƙasan ido, ta leƙo daga bakin ƙofa.

"Datti ne, 'yar'uwa. Sa masa man goge baki ki dirje shi da soso."

Khaulat har ta miƙe.

"Kar ki taɓa shi!" Labaran ya fizge faifan. "Lafiyarsa ƙalau. Sabuwar manhajar ce ta zo babu abin kunna faifai. Laifina ne, zuciyata. Sai na sauko da shi daga intanet."

"To sauko da shi mana!"

"Ranar kasuwa ce... layi ya cushe. Sai na je bakin gada."

Ya rungumi kwamfutar ya haye babur.

Ita kuwa ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Tsoro ne fal cikinta. Aka yi sallama, Baffa ya shigo, aka shimfiɗa masa tabarma. Gaisuwar da kullum take gundurarta, yau ji ta yi kamar kar a gama. Aka tambayi gona, aka tambayi mutanen Achika ɗaya bayan ɗaya, har gaisuwar ta ƙare.

"Ina shaidar taku?"

"Yana zuwa, Baffa..."

"Motar ƙauye ba ta jira. In na tashi, magana ta mutu."

Indo ta sunkuyar da kai tana murmushi. Baffa ya sha ruwa, ya jawo takalminsa, ya sa ƙafa ɗaya.

"Salamu alaikum!"

Labaran ne, rigarsa sharkaf, da alama ko inuwa bai nema ba. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya tura faifan.

Ƙugi... shiru... sai kiɗan kalangu ya cika tsakar gida!

Ya matsa da hoton gaba, ya wuce 'yan rawa, ya wuce rabon goro. Ga Malam nan zaune a zaure cikin farar riga, yana dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa.

"Saura Khaulat," in ji muryar marigayin. "Ni dai ƙarfina ya ƙare. Isyaku ne ubanta. Wanda ya ba, na ba, don bai taɓa zaɓa mini abin da na yi nadama ba."

Shi ke nan. Ko sunan Labaran bai fito ba.

Shaidar da Khaulat ta dogara da ita ta miƙa wuƙa da nama ga mai ƙin su. Ta dubi Labaran, hawaye na zuba, shi ma ya kasa ɗaga kai.

Can Baffa ya cire ƙafarsa daga takalmin.

"Mayar da shi baya."

Aka mayar. Sau uku ana mayarwa, tsohon na goge ido da bakin rawaninsa. Shekara uku rabonsa da jin muryar yayansa.

"Yaro, ka san ba sunanka a ciki?"

"Yanzu na sani, Baffa."

"Da ka sani tun farko, za ka gyara?"

"Zan gyara. Muryar mahaifinta ce."

Baffa ya laluba aljihu ya fito da 'yar wayarsa da aka ɗaure da roba.

"Za ka iya sa mini shi a nan, in riƙa ji a gona?"

"Zan iya, Baffa."

"To in ka gama, ka gaya wa magabatanka ina gida ranar Lahadi. Yaya ya ce ban taɓa zaɓa masa nadama ba... ba zan fara a kan 'yarsa ba."

Khaulat ta kifa fuskarta a cinyar Inna, ta fashe da kuka mai haɗe da dariya.