Abin da Inagaki Bai Taɓa Faɗa Ba

Ranar da Shozo ya fara ganin Tokiko, zare ne ya tsinke mata a injin saƙa, ta ƙulla shi ko dubawa ba ta yi ba.

"Don Allah sake a hankali, in rubuta," in ji shi.

"Rubuta me? Ƙulli ne fa."

A wata masaƙa ce a garin Hamamatsu, shekarar 1952. Shozo sabon mai horar da ma'aikata ne, kullum da ɗan kati a aljihu, irin wanda Amurkawa suka horar da sababbin hannu da shi lokacin yaƙin duniya: a natsar da mai koyo, a nuna masa ana bayani, a bar shi ya gwada, a riƙa leƙo shi. Ita kuwa Tokiko, tun da wutar bam ta cinye gidansu da mahaifiyarta shekara bakwai baya, ba ta jin daɗi, ba ta jin zafi. Shinkafa ma don lokacin ci ya yi take ci.

Shozo ke buɗe akwatin shawara na masaƙar. Wata rana ta jefa takarda: "A ɗaga teburin zare, bayanmu na ciwo."

Washegari ta tarar da amsa a kan injinta: "An ɗaga, 'Yar Shiru. Wace shawara za ki ba mutumin da abinci ba ya shigarsa sai ya hango ki?"

Ta mayar masa a rubuce: "Ya ci abincinsa, Malam. Babu kowa a cikina da za a so."

"Zan jira a bakin ƙofa," ya rubuto mata.

Ba ta ji komai ba, amma ba ta yar da takardar ba.

Mahaifinta, tsoho Inagaki, shi ne babban bakaniken masaƙar. Da Shozo ya je gaishe shi da maganar aure, ko shayi bai ba shi ba.

"Kai ne za ka zuba shekaruna arba'in a kan kati? Mu ba a koya mana, da ido ake satar sana'a. Ga Masakichi nan, shekara tara yana kallon hannuna bai taɓa tambayata ba. Shi zan ba."

Masakichi mataimakinsa ne, mutum mai biyayya kamar inuwa. Tokiko ta ce to, yadda take cewa to ga komai.

Saura wata ɗaya a ɗaura auren, tsohon ya bar Masakichi ya saita inji shi kaɗai. Ana tayarwa, ƙoshiyar saƙa ta fizge ta fasa goshin Tokiko. Tana zaune tana kallon jini a tafinta kamar na wani ne. Inagaki ya ɗaga hannu zai mari Masakichi, Shozo ya shiga tsakani.

"Baba, notin nan da ke riƙe ƙoshiyar, ka taɓa gaya masa iya inda ake tsayawa in ana ɗaure shi?"

"Yana gani ai!"

"Ƙarfin da ke cikin yatsa ba a ganinsa. In bai iya ba, ba a koya masa ba ne."

Shozo dai kare abokin takararsa yake yi.

Kwana uku suka wuce. A na huɗu Inagaki ya zauna gaban 'yarsa, ya sa aka kira Shozo.

"Ke ma da ido na bar ki," in ji shi. "Na ɗauka kina gani. Ranar wutar, ni na ce uwarki ta koma ta ɗauko akwatin kayan aikina. Ke na rungumo na gudu. Kullum ina kewarta, kuma ban taɓa yin nadamar ɗauko ki ba."

Tokiko ta taɓa ɗinkin goshinta.

"Baba, yana zafi," ta ce. Sai kuka ya ƙwace mata, ta yi shi har muryarta ta dushe, Shozo na durƙushe a gefenta.

"Kina son mai katin nan?" Inagaki ya tambaye ta.

"Ina jin haka. Ban gama sani ba."

"Ya isa, 'Yar Shiru," in ji Shozo. "Kullum kaɗan."

Da kaka aka yi bikin. Masakichi da kansa ya janye, ya zo da buhun shinkafa gudummawa. Bayan ango da amarya sun kurɓi giyar biki, tsohon ya miƙe, ya ɗaga kofinsa.

"Ku zauna lafiya, ku ga jikoki. Kuma abin da ke ranku, ku riƙa buɗe baki ku faɗa tun ɗayanku na nan ya ji."